Ko launin doki yana rage masa maki a gaban alƙalan gasa?

Tambaya: Wani bawan Allah mai sha'awar dawaki ya rubuto cewa ya daɗe yana kallon manyan gasannin dawaki na Turai da Amurka a intanet. Ya lura kusan duk dokin da ke ɗaukar kofi akawal ne, wato baƙi, ko ja mai duhu, da wuya ya ga danda (mai dabbare-dabbaren fari) ko gunya (mai ruwan madara) ko mai ɗigo-ɗigo a sahun gaba. Yana so ya sani, alƙalai ne ke danne su saboda launinsu, ko kuwa dawakin ne ba su kai ba?

Amsa: Malam, idonka bai yi maka ƙarya ba. A wasu gasannin launi yana taɓa maki, kaɗan ne amma akwai shi, kuma an taɓa auna shi a rubuce. Sai dai mafi yawan giɓin da kake gani an riga an haƙa shi tun kafin dokin ya shiga fili, a barga da kundin asali, a hannun masu zaɓen ingarman da zai hau goɗiya. Na yi shekaru ina duba lafiyar dawaki, na kuma zauna kusa da alƙali ina rubuta masa maki, don haka zan faɗa maka yadda abin yake ta ɓangarorin biyu.

Da farko mu ware gasar da ido ba ya yanke hukunci a cikinta. A sukuwa, wanda ya riga tsallake layi shi ya ci. A folo, ƙwallon da ta shiga ake ƙirgawa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a filin Katsina ko Kaduna ko Kano ya san ba a tambayar kalar dokin da ya kai mahayinsa ga ƙwallo. A gasar tsallake shinge, in doki ya kayar da sanda an rubuta masa laifi 4, in ya wuce lokaci agogo ne ya kama shi. Milton, farin dokin da John Whitaker na Ingila ya hau, ya ci kofin duniya na tsalle a 1990 da 1991, kuma da baƙi ne ko danda lissafin ba zai canza ba. A nan babu ƙofar da son zuciya zai shiga da launi.

Inda magana take shi ne gasar da alƙali ke zaune yana kallo yana ba da maki da ra'ayinsa: diresaj, wato gasar nuna horo da kyan taku wadda wasunmu ke kira rawar doki, da gasar nuna kyan ƙira, da tantance duƙushi da matasan dawaki. Ɗauki diresaj. Fili ne mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20. Doki zai yi jerin motsi sama da 30 a babban mataki cikin 'yan mintoci, kowane motsi alƙali zai ba shi maki daga 0 zuwa 10, har da rabin maki, wasu motsin kuma ana ninka makinsu biyu. A gasar Olamfik alƙalai 7 ne ke zagaye da filin, wani a gaba, wasu a gefe, kowa da abin da kusurwarsa ke nuna masa. Dokar hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921, ba ta ware ko ɗigon maki ɗaya don launi ba. Abin da ake nema shi ne daidaiton taku, sakin jiki, yadda doki ya karɓi linzami, ƙarfin da ke tasowa daga ƙafafun baya, miƙewa, da tattara jiki.

To amma ka tuna yadda makin ke fitowa. Alƙali yana da daƙiƙu kaɗan ya gani, ya auna, ya furta lamba, ya ƙara da gajeren bayani, kafin ya rufe baki motsi na gaba ya fara. Tsakanin 6.5 da 7 babu sikeli, sai ido da abin da ido ya saba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma ƙimar da ya sani ita ce wadda aka tarbiyyantar da shi a kanta. Masu bincike sun nuna cewa makin diresaj yana karkata ga mahayin da suka fito ƙasa ɗaya da alƙali, ga wanda sunansa ya riga ya yi sama, har ga wanda ya shigo fili a ƙarshe-ƙarshe. Idan suna da tuta da lokacin shigowa suna iya motsa alƙalami, babu dalilin da zai sa a ce launi, wanda shi ne abu na farko da ido ke cin karo da shi, ba zai iya ba.

Hujja mafi kusa da tambayarka daga Ingila ta fito. Akwai wani tsarin tantance matasan dawaki da ake kira Futurity, inda ake kawo su tun suna duƙushi, likita ya duba, masu tantancewa su ba da maki kan ƙira da taku, sannan a sa kowane doki a wani mataki na daraja. Da aka tattara makin dubban dawaki na shekaru da dama aka rarraba su bisa launi, sai aka ga danda da masu ɗigo-ɗigo suna samun matsakaicin maki ƙasa da na sauran. Bambancin ba mai yawa ba ne a lamba. Amma a shekarun da aka tattara makin, matakan darajar nan rabin maki ne ke raba su, kuma takardar da mai kiwo ya fita da ita ita ce ke yanke kuɗin da za a taya duƙushinsa. Abin da bai kai rabin maki ba yana iya sauko da doki mataki guda, ya rage wa mai shi kuɗi masu kauri.

Yanzu sai a yi hankali wajen karanta wannan sakamako, domin a nan mutane da yawa ke yin gaggawa. Ganin danda ya sami maki kaɗan bai isa ya tabbatar da cewa an zalunce shi ba. Dole a tambaya: danda ɗan wa? Wace goɗiya ta haife shi, wane ingarma ne ubansa?

Dawakin da ke mamaye diresaj da tsalle a yau jinin Jamus da Holan da Danmak ne da makwabtansu, kuma asalin kiwonsu don soja da jan keken doki aka yi. Sojan doki ba ya son dabbar da za a hango daga nesa, mai keken ƙasaita kuma yana son dawaki biyu ko huɗu masu kala ɗaya. Saboda haka gidajen kiwo na gwamnati da ƙungiyoyin da ke riƙe da kundin asali suka yi ƙarnoni suna zaɓen ja da baƙi da mai ruwan ƙasa, suna ture masu dabbare-dabbare gefe. Abin ya ma girmi sojan zamani. Binciken da aka yi kan ƙasusuwan tsofaffin dawaki ya nuna masu roɗi-roɗi sun yi yawa a wasu zamunan da suka shuɗe, sannan suka ragu ƙwarai a tsakiyar zamanan Turai, lokacin da mutane suka koma son launi ɗaya. A Ingila da Ailan kuwa danda ya daɗe a hannun matafiya masu yawo da keken doki, mutanen da manyan gari ke yi wa kallon raini, sai rainin ya bi ta kan dokinsu. Wanda aka raina, da wuya a yaba abin hawansa.

Sakamakon wannan tarihi shi ne launin danda ya taru a jinin dawakin jan kaya da ƙuru masu kauri, masu gajeren taku, ya yi ƙaranci a jinin da aka shekara ɗari ana tacewa don sassarfa mai tashi. Wanda ya so ya samar da danda na gasa dole ya nemi uban da ke ɗauke da launin, kuma zaɓinsa 'yan ƙalilan ne, alhali mai neman ja yana da ɗaruruwan ingarmu da aka gwada. Duk lokacin da ka sa launi a sharaɗin farko, ka rage wa kanka damar zaɓen kafaɗa da gadon baya da hali. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ba ka ganinsu a sahun gaba. Ba su da yawa a ƙofar shiga, kuma da yawa daga waɗanda suka shigo an haife su ne don a sami kala, ƙoƙari ya biyo baya.

An sami wanda ya karya wannan shinge. Samber, danda da aka haifa a Holan a 1976, ƙungiyar KWPN mai riƙe da kundin dawakin wasanni na ƙasar ta amince da shi a matsayin ingarman kiwo, abin da ba a saba ba a lokacin. Ya kai manyan matakan diresaj, kuma danda masu yawa da ke gasa a Turai da Amurka yau in ka bi nasabarsu za ka tarar da shi. Ƙira da hali ne suka buɗe masa ƙofa. Amma uba ɗaya ba ya cike giɓin ƙarni biyu.

Akwai kuma wani ɓangare da ni na fi damuwa da shi, domin ko alƙali mai tsoron Allah yana faɗawa ciki ba da saninsa ba. Fari a jikin doki yana canza abin da ido ke gani. Dokin da ƙafafunsa huɗu farare ne daidai wa daida, takunsa yana fitowa fili, sai ka ga kamar ya fi ɗaga ƙafa. Dillalan Turai sun san haka, shi ya sa suke naɗe ƙafafun doki da farin bandeji in za su ɗauki bidiyon talla, kuma dokar diresaj ba ta yarda a shiga gwaji da bandeji ba. Dokin da ƙafarsa ɗaya ta gaba fara ce ɗayar baƙa, ido zai riƙa bin farar, sai a ga kamar tana miƙewa fiye da 'yar'uwarta, ko kamar ɗayar tana nawa. Daidaiton taku kuwa shi ne tushen makin gaba ɗaya. Farin goshi da ya karkace zuwa hanci ɗaya yana sa alƙalin da ke gaba ya ga kamar doki ya karkatar da kai, wannan laifi ne da ake rage maki a kansa. Farin da ya ratsa wuya ko ya yanke gadon baya yana tsinke layin da alƙalin gefe ke bi daga ƙeya zuwa gindin wutsiya, wuya mai kyau ya zama kamar gajere, baya mai ƙarfi ya zama kamar ya lotsa. Dawakin Appaloosa na Amurka, masu ɗigo kamar damisa, farin idonsu a bayyane yake a halitta, kuma wanda bai saba ba zai ɗauka tsoro ne ko ɗar-ɗar, alhali ana ba da maki kan natsuwa.

Na ga wannan da idona a wata ƙaramar gasa a Ingila, ina zaune ina rubuta wa wata alƙaliya maki. Wata goɗiya danda ta shigo, ƙafarta ta hagu ta gaba fara har sama da gwiwa, ta dama baƙa ƙirin. Tun daga sassarfar farko alƙaliyar ta fara cewa in rubuta taku bai daidaita ba, ta ba da 5 a inda ni a raina nake ganin 6.5. Har ta kai hannu ga ƙararrawa za ta tsayar da gwajin saboda zargin ɗingishi, sai ta fasa. Bayan an tashi na roƙi mai goɗiyar ta gudanar mini da ita a kan ƙasa mai tauri. Na juya baya na saurari ƙarar kofato, ɗaya bayan ɗaya daidai, babu wanda ya fi wani nauyi. Na juyo na kalli kanta, ba ya sunkuyawa a kan kowace ƙafa. Lafiyarta ƙalau. Alƙaliyar mace ce mai gaskiya wadda ta shekara da shekaru a aikin, ba ta da wata ƙiyayya da danda. Abin da idonta ya nuna mata ta rubuta. Har yau abin yana ci mini rai, domin yarinyar da ta hau goɗiyar ta koma gida tana zaton dabbarta ba ta da lafiya ko ita ce ba ta iya hawa ba.

Haka abin yake ta ɗaya gefen. Launin da ya fita daban ba ya ɓoye komai. In dawaki 20 ja suka shiga zagaye ɗaya a gasar nuna kyau, alƙali zai iya manta wanda ya yi tuntuɓe a cikinsu, amma ba zai manta gunya ɗaya tilo ba, ko ta yi kyau ko ta yi kuskure. Mahayin da ya ƙware yana cin ribar wannan, wanda bai ƙware ba yana biya.

Yayin baƙin doki da ka lura da shi ma yana da tarihinsa. Totilas, baƙin ingarman Holan da Edward Gal ya hau, shi ne ya fara haura kashi 90 cikin 100 a gwajin da ake yi da kiɗa a 2009, ya kuma kwashe zinare 3 a gasar duniya ta Kentucky a 2010. Bayansa kasuwa ta ruɗe da neman baƙin duƙushi. Valegro na Charlotte Dujardin, mai duhun launi shi ma, ya ci zinare a Landan a 2012 da Riyo a 2016, ya kai kashi 94.3 a 2014. Matashin alƙali da ya tashi yana kallon waɗannan biyu a matsayin ma'auni, hoton kyakkyawan doki a kansa mai duhu ne. Duk da haka farare sun kai sama: goɗiyar nan Blue Hors Matiné ta Danmak ta ci azurfa a gasar duniya ta 2006 a Jamus, tawagar Sifaniya da ta ci azurfa a Olamfik ta 2004 ma da farin ingarma Invasor a cikinta. Kili dai, wato irin waɗannan farare, ba baƙon launi ba ne a idon Bature, don haka bai ɗauki nauyin da danda ya ɗauka ba.

Akwai kuma wurin da launi ke cikin doka a fili, kuma a nan ba a kiran abin son zuciya, sharaɗin jinsi ne. Dokin Friesian na Holan baƙi ake so, ƙungiyarsa da aka kafa a 1879 ba ta karɓar fari sai ɗan tauraro a goshi. Cleveland Bay na Ingila ja ne mai baƙar geza da baƙaƙen ƙafafu, Suffolk kuma ja zalla. Haflinger na tsaunukan Ostiriya da Italiya ja ne mai farar geza. Wanda ya kai dokin da ya saɓa wa wannan gaban alƙalin jinsi ya san abin da zai tarar. A gefe guda kuma akwai gasar da aka ware wa masu launi kawai, a Ingila da Amurka, inda danda ke karawa da danda.

Labarin da ya fi koyar da ni a wannan fanni daga Amurka yake. Ƙungiyar dokin Quarter Horse, AQHA, wadda aka kafa a 1940, ta daɗe da dokar cewa duk duƙushin da fari ya yi masa yawa, ya haura wasu iyakoki a ƙafa ko fuska ko ya fito a jiki, ba za a sa shi a kundi ba ko da uwarsa da ubansa duk suna ciki. Haka ma masu ruwan madara da shuɗin ido. Irin waɗannan da aka kora sukan koma kundin Paint, wanda aka kafa don masu dabbare-dabbare. Sai a 2003 aka buɗe wa masu ruwan madara ƙofa, a 2004 aka soke dokar yawan fari.

Cikin waɗanda dokar ta kora akwai wani ingarma da aka haifa a 1993, sunansa na kundi Colonels Smoking Gun, kowa na kiransa Gunner. Ja ne mai farar fuska baki ɗaya, shuɗin ido, fararen ƙafafu, kuma kurma ne. Gasarsa ita ce ta sarrafa linzami irin ta kaboyi, inda doki ke zuwa a guje ya ja birki ya zame da ƙafafun baya, ya juya a wuri ɗaya kamar mazari. Ita ma da ido ake yanke ta: kowa yana farawa da maki 70, kowane motsi alƙali ya ƙara ko ya rage har zuwa ɗaya da rabi. Gunner ya zo na biyu a babbar gasar 'yan shekara 3 ta 1996, ɗansa Gunnatrashya ya ci ta a 2009, kuma kafin ya mutu a 2013 'ya'yansa sun cika fagen. Yau farar fuska da shuɗin ido, abin da aka taɓa korar doki saboda shi, ya zama alamar da masu saye ke bi da kuɗi a wannan gasa. Alƙalan da suka ga Gunner sun ba shi makinsa domin zamiyarsa ba ta bar wurin gardama ba. Daga nan idon mutane ya saba, har ya koma so. Ka ga ke nan abin da alƙali ke ɗauka a matsayin kamannin zakara yana bin wanda ya yi nasara a baya, kuma yana iya juyawa cikin shekara 20.

Kurumtar Gunner ta kawo ni ga abin da ya wajaba in faɗa a matsayina na mai duba lafiyarsu. Wasu launukan suna tafe da larura, kuma wani ɓangare na tsoron da tsofaffin masu kiwo ke yi musu yana da tushe. Irin farin da ke rufe fuska da ƙafafu kamar an tsoma doki a fenti yakan zo da kurumta a wasu. Akwai wani nau'in danda a Amurka da in aka haɗa uwa da uba masu ɗauke da ƙwayar gadonsa, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan yakan fito fari fat da hanjin da ba ya aiki, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Mai ɗigo-ɗigo da ya gaji ƙwayar daga iyaye biyu yana da dundumi, ba ya gani da dare. Kili kuwa, wanda ake haifa da duhu ya yi ta fari yana girma, masana a Uppsala ta Suwidin sun gano ƙwayar gadon da ke jawo hakan a 2008, kuma kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 15 suna fitar da ƙari baƙi, galibi a ƙarƙashin wutsiya. Farar fata a hanci da gefen ido tana ƙuna a rana, abin da ya shafe mu nan sosai. Duk wannan aikin mai kiwo da likita ne. Alƙali ba shi da hurumin rage wa doki maki a fili saboda cutar da launinsa zai iya kawowa wata rana.

Mu ma nan gida ba baƙi ba ne a wannan magana. Harshen da ya ware wa launin doki sunaye kamar akawal da kili da gunya da danda da bidi da hurde da aharas ya nuna masu shi sun daɗe suna kallon gashi da idon basira. A hadisi ma an yi maganar alamomin doki: Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son shikal, aka fassara shi da fari a ƙafar dama ta baya da ta hagu ta gaba, ko akasin haka, Tirmizi kuma ya ruwaito yabon baƙin doki mai fari a goshi da leɓen sama. A hawan sallah, in hakimi ya jera zagaginsa da dawaki masu kala ɗaya, ko ya zaɓi kayan doki da za su haska a jikin akawal, launi yana cikin abin da aka fito nunawa, kuma babu laifi, domin ado aka fito yi. Hawan Daushe ba gasar taku ba ce.

Inda nake jin tsoro shi ne in ga mun maimaita kuskuren da ya jefa danda na Turai baya. Na sha ganin mai saye ya tsaya a kan doki saboda kalarsa, ya ƙara kuɗi, bai ɗaga kofato ya duba ba, bai sa an gudanar da shi ba, bai kalli haƙori ba. Na ga an bar ingarma mai karkatacciyar ƙafa yana hawan goɗiyoyi shekara da shekaru don kawai 'ya'yansa suna fitowa da launin da kasuwa ke so. Bayan zuriya biyu ko uku sai ka tarar da barga cike da dawaki masu ɗaukar ido waɗanda ba sa jure kilisa mai nisa, daga nan a fara cewa ai wannan kala ba ta da ƙarfi. Kalar ba ta yi komai ba, zaɓen ne ya gurgunce.

Idan kana da doki mai baƙon launi kuma kana shirin kai shi gaban masu ba da maki, ko kana son ka auna shi da kanka, ga abin da nake ba mutane shawara. Ɗauki bidiyonsa yana sassarfa daga gefe da kuma daga gaba, ka mayar da hoton baƙi da fari, ka rage gudunsa. Sannan ka naɗe ƙafafun huɗu da bandeji kala ɗaya ka sake ɗauka. In rashin daidaiton da ake faɗa ya ɓace, ido ne ya ruɗu. In yana nan, kira likita, kada ka ɗora wa alƙali. Saurari kofato a ƙasa mai tauri, kunne ba ya ganin launi. Wanke farin ya fita tas, domin datti a jikin danda da kili ya fi fitowa, kuma ka sauƙaƙa kayan hawa kada su ƙara wa ido hayaniya. In farin goshinsa a karkace yake, ka ƙara himma wajen miƙar da shi a layin tsakiya, tunda alƙalin gaba zai fi sa masa ido. Ka riƙa ajiye takardun makinka daga alƙalai daban-daban. In mutum ɗaya ne kullum ke ba ka ƙasa da sauran a motsi iri ɗaya, kana da abin da za ka nuna wa masu shirya gasa cikin ladabi. In kuwa dukansu sun haɗu a kan magana ɗaya, to maganar horo ce, sai a koma fili.

Ga masu horar da alƙalai kuma, gyaran ba mai tsada ba ne. A riƙa sa danda da gunya da masu ɗigo a cikin bidiyon da ake koyar da su da shi, a nuna musu doki ɗaya da bandeji da kuma babu, su ba da maki sau biyu su ga tazarar da idonsu ya haifar. A wajen tantance duƙushi, inda rabin maki ke yanke farashi, a riƙa haɗa ra'ayin ido da awo na tsawon taku da kusurwar gaɓoɓi, tunda yanzu wayar hannu ma tana iya ɗaukar hoton da za a auna wannan da shi.